Wanda Ya Sayi Tsohon Gida, Ya Mallake Shi Ke Nan?

Muna rubuto wannan daga tsibirin Sisili da ke kudancin ƙasar Italiya. Daga shekara ta 2021 zuwa ta 2024 mun zauna, mu da 'ya'yanmu biyu, cikin wani tsohon gida na dutse, muna gyara shi alhali kuwa a cikinsa muke kwana, a cikinsa muke girki. A tsawon wannan zama wata tambaya ta yi ta dawo mana, tun muna kawar da ita har muka ga ba makawa sai mun fuskance ta. Tambayar ita ce: idan mutum ya sayi tsohon gida da kuɗinsa na halal, aka rubuta sunansa a takarda, shin yana da ikon yin duk abin da ya ga dama da shi? Da farko mun ɗauka amsar ba ta bukatar dogon tunani. Ƙura da sanyi da maƙwabta ne suka koya mana cewa akwai sauran magana.

Bari mu fara da yadda gidan ya zo hannunmu. A shekara ta 2008 magajin garin Salemi, Vittorio Sgarbi, ya kawo shawarar a riƙa sayar da gidajen da aka ƙaurace wa a kan kuɗi yuro 1 kacal, muddin mai saye zai gyara. Daga baya garuruwa irin su Gangi da Mussomeli da Sambuca suka bi wannan hanya, har labarin gwanjon da Sambuca ta yi a 2019 ya zagaya duniya. Amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A garuruwa da dama sharaɗin shi ne mai saye ya ajiye yuro 5,000 a hannun hukuma, ya kuma gama gyara cikin shekara 3, in ba haka ba ajiyarsa ta tafi. Ban da wannan akwai kuɗin takardu da na mai zanen gini, kafin a zo ga dutse da yashi da ladan magina. Mun daɗe muna haya a birnin Palermo, mun gaji da biyan kuɗin ɗakin da ba zai taɓa zama namu ba, sai muka tattara abin da muka tara muka hau tsaunukan tsakiyar tsibirin.

Me ya sa gidaje masu kauri irin waɗannan suka zama kango? Dalilin shi ne masu su sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Bayan yaƙin duniya na biyu talauci ya yi tsanani a ƙauyukan Sisili, aikin haƙar farar wuta da ya riƙe yankin tsakiya yana ta mutuwa. A 1946 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Beljiyam, ita ta aika ma'aikata zuwa ramukan kwal, ita kuma Beljiyam ta ba ta kwal. Dubban samari suka tafi. A ranar 8 ga Agusta 1956 gobara ta tashi a ramin Marcinelle, mutum 262 suka mutu, 136 daga cikinsu 'yan Italiya ne. Waɗansu kuma suka nufi Jamus da Ingila da Amurka. Iyaye suka mutu, gida ya zama gādon 'ya'ya da jikoki da suka warwatsu, kowa yana da ɗan rabo, ba mai iya gyarawa, ba kuma mai son biyan haraji a kan abin da ba ya amfani da shi. Magadan gidanmu daga Beljiyam suka aiko da sa hannunsu. Watau mu baƙi ne da muka shiga gidan waɗanda su ma baƙi ne a wata ƙasa.

Zaman gidan da ake gyarawa yana da nasa tsari. Bayan an gama rufi, muka tare a ɗakin ƙasa, mu huɗu, muka rataye leda a bakin matakala don ta tare ƙura, ko da yake ƙurar ba ta san da wannan doka ba. Tana cikin shinkafa, tana cikin littattafan yara, tana cikin gashin kai. Murhun gas mai kai biyu ne ɗakin girkinmu, bokiti ne wurin wanke-wanke, wata huɗu kuma muna ɗumama ruwan wanka a tukunya. Lungunmu ya yi ƙunci ƙwarai, mota ba ta shiga, saboda haka kowane buhun yashi a baro ake turo shi daga bakin dandali, kowane tarkace kuma a baro yake fita. Da asuba, kafin magina su iso, sai mu naɗe katifu mu lulluɓe kaya. Da yamma bayan sun tashi sai mu share, mu shimfiɗa, mu zauna mu ƙirga abin da ya rage a aljihu. Wanda ke cikin irin wannan hali abu ɗaya yake so: a gama. Kuma wannan son a gama shi ne ya jefa mu cikin kuskurenmu na fari.

A kusurwar ɗakin ƙasa akwai wani tanderu na dutse, baƙi ƙirin da hayaƙi, ya cinye wurin da muke so mu ajiye firji. Ba mu tambayi kowa ba. A wata na farko muka sa guduma, cikin yini ɗaya muka rushe shi. Washegari maƙwabciyarmu ta leƙo, tsohuwa ce da ta haura shekara tamanin, wadda dukan lungu ke kira Zia, watau inna ko gwaggo. Ta tsaya ta dubi kusurwar, ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "'Ya'yana, a nan matan lungun nan suke gasa burodi tun ina yarinya. Wadda ba ta da itace takan kawo ƙullunta, uwar gidan nan ta gasa mata, ba ta karɓar kome." Muka ce, "Zia, ki gafarce mu, ba mu sani ba." Ta ce, "Da kun tambaya, ai ina nan." Ba ta yi faɗa ba, har ta kawo mana miya da yamma, amma maganarta ta hana mu barci.

A daren nan muka yi ta kāre kanmu. Mun ce gidan namu ne, doka ta ba mu. Magada sun sayar da shi da hankalinsu. Shekara arba'in ba wanda ya hura wuta a tanderun. Kuma da ba mu zo ba, rufin zai fāɗa a kansa ya rushe shi ko ta yaya. Duk waɗannan gaskiya ne, har yanzu ba mu janye ko ɗaya ba. Amma mun lura da wani abu: takardar da muka sa wa hannu ta faɗi iyakar filin da yawan ɗakuna, ba ta faɗi abin da gidan yake ga mutanen lungu ba. Akwai abin da ake saye da kuɗi, akwai kuma abin da ke biyo gida ba tare da an rubuta shi ba, kamar yadda wanda ya auri mace yakan tarar ya sami surukai. Laifinmu shi ne mun yanke hukunci a kan abin da ba mu san tarihinsa ba, alhali wadda ta sani tana bayan bango, ba abin da zai ci mana sai gaisuwa da tambaya.

Gwaji na biyu ya fi na fari nauyi, gama ya shafi kuɗi da lafiya. Bangon arewa yana jiƙe, yaɓensa yana zubowa, wani farin gishiri yana tsirowa a jikinsa. Wani ɗan kwangila ya ce a shafe shi da siminti mai ƙarfi, cikin mako biyu an gama, a yi fenti. Amma tsohon maginin da ke mana aiki, wanda muke kira Mastru kamar yadda ake kiran gwanayen sana'a a can, ya girgiza kai. Ya ɗauki guduma ya ɓamɓare wani wuri da aka taɓa toshewa da siminti shekarun baya, ya nuna mana dutsen da ke ƙarƙashi ya ruɓe, yana marmashewa a hannu. Ya bayyana mana cewa da farar ƙasa ƙonanniya aka gina gidan, wadda suke kira calce. Ana ƙona farin dutse a wuta mai zafin kimanin digiri 900, a jiƙa shi da ruwa, a bar shi ya kwanta, sa'an nan a kwaɓa da yashi. Idan aka shafa, yakan sha iska a hankali har ya koma dutse. Irin wannan yaɓe yana barin danshi ya ratsa ya fita, yana kuma da taushin da zai bi motsin gini ba tare da ya tsage ba. Simintin zamani kuwa, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ya fi tsohon dutse tauri, yana kuma kulle ruwa a ciki. Ruwan da aka hana fita ta fuskarmu zai nemi wata hanya. Mastru ya ɗora tafin hannunsa a bangon ya ce, "Maigida, ka san ɗakin wa ke bayan nan?" Ɗakin kwanan Zia ne, gama a tsofaffin garuruwan nan gida da gida bango ɗaya suke raba.

To, ga inda maganar ta yi tsauri. Yaɓen farar ƙasa ba ya son gaggawa. Shafi uku ake yi, kowanne sai an jira kwanaki kafin a ɗora na gaba, ba a kuma yin sa idan sanyi ya kai ga ƙanƙara, domin zai lalace kafin ya kama. Muna cikin watan Nuwamba, lokacin sanyi ya ƙarato, ƙaramar 'yarmu tana tari, wa'adin shekara uku yana tafiya, ajiyarmu tana hannun hukuma. Idan muka zaɓi siminti, za mu hau bene kafin Kirsimeti, ba wanda zai ga laifinmu, ɓarnar kuma ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, watakila a ɗakin wata, watakila a hannun wanda zai gaje mu. Idan muka zaɓi farar ƙasa, sai mun jira bazara. Mun yi gardama a tsakaninmu har murya ta tashi, ɗaya yana cewa lafiyar yarinya ta fi dutse, ɗaya yana cewa ba a sayen sauƙin kai da cutar maƙwabci. Dukanmu muna da gaskiya, shi ya sa gardamar ta yi zafi. A ƙarshe muka kama ɗaki haya na wata uku a wani lungu don yara da uwarsu su kwana a busasshen wuri, muka bar bangon a buɗe ya sha iska har watan Afrilu. Kuɗin hayar nan su ne kuɗin da muka ware don zuwa gida ganin dangi. Ba mu je ba a shekarar.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ya tsufa ya zama abin da ba a taɓawa. Turawa kansu sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A ƙarni na 19 Viollet-le-Duc na Faransa, wanda ya gyara ganuwar birnin Carcassonne, yana ganin mai gyara yana iya cika gini ya kai shi ga kamalar da watakila bai taɓa samu ba. John Ruskin na Ingila kuwa, a littafinsa na 1849 a kan gine-gine, ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin ƙarya da ɓarna, yana ganin tsofaffin gine-gine na waɗanda suka gina su ne da na zuriyar da ke zuwa. A kan wannan ra'ayi William Morris ya kafa ƙungiyar kāre tsofaffin gine-gine a 1877, wadda ta fi son kula ta yau da kullum bisa ga babban gyara. A 1964 masana suka taru a birnin Venis suka tsara ƙa'idoji, ciki har da cewa ƙananan gine-gine ma suna da daraja, kuma sabon aiki ya zama ana iya bambanta shi da na asali domin kada a ruɗi masu zuwa. Mun amfana da waɗannan ra'ayoyi, amma su a kan manyan wuraren tarihi suka fi magana, mu kuwa gida muke nema inda yara za su yi barci.

Saboda haka akwai abubuwan da muka canza ba tare da nadama ba. A dā ɗakin ƙasa na alfadari ne, mutane suna kwana a samansa don su sami ɗumin jikinsa. Ba makewayi, ba famfo. Talauci ne ya tsara wannan, kuma su kansu masu gidan daga gare shi suka gudu. Wanda ya ce a bar shi haka domin girmama magabata, bai girmama su ba, ya mai da wahalarsu abin kallo ne kawai. Mun sa makewayi, mun ja ruwa da lantarki, mun buɗe taga a inda duhu yake. Mun kuma ɗaure bangaye da sandunan ƙarfe daga gefe zuwa gefe, domin tsibirin yana da girgizar ƙasa; wadda ta auku a kwarin Belice a Janairun 1968 ta kashe fiye da mutum 200, ta kuma shafe garuruwa. Zoben ƙarfen da ake ɗaure alfadari kuwa mun bar shi a jikin bango, ba ya cutar kowa, yana kuma faɗin gaskiyar yadda aka zauna a nan.

Daga cikin waɗannan duka muka fitar da ma'aunin da muke bi, muna kuma miƙa shi ga mai karatu ya auna da kansa. Kafin mu ɗaga guduma a kan kowane abu, mukan yi tambaya uku. Waɗanda suka gina wannan, wace matsala suke warwarewa, kuma matsalar tana nan har yanzu? Wa ke bayan bangon, kuma me aikinmu zai jawo masa? Wanda zai zauna nan bayanmu, zai iya warware abin da muka yi idan ya ga mun yi kuskure? Siminti ya fāɗi a dukan tambayoyin uku. Makewayi ya tsallake su duka. Tanderu kuwa, da mun yi tambayoyin, watakila da mun bar shi, watakila kuma da mun rushe shi bayan shawara da neman yardar lungu, kuma ko wannan ma ya fi abin da muka yi. Ashe mallaka iri biyu ce. Akwai ta rigar da mutum zai sa har ta yage ya yar, akwai kuma ta abin da ya girme shi, zai kuma daɗe bayansa, kamar rijiya da gona da gida. Ta biyun nan sunanta amana, ko da kuwa da kuɗi aka karɓe ta.

Zaman cikin aikin da bai ƙare ba ya koya mana wani abu game da kanmu ma. Mun shigo da tunanin cewa rayuwa za ta fara ran da aka kwashe baro da tsani. Muna ta cewa idan an gama za mu gayyaci baƙi, idan an gama za mu huta, idan an gama za mu daina faɗa. Amma yara ba su jira an gama ba, sun yi ta girma a cikin ƙurar. Babban ya koyi harshen lungu a bakin magina, ƙaramar ta koyi ƙirga da buhunan yashi. Ran da muka daina jin kunya muka shimfiɗa tabarma a tsakiyar tarkace muka kira Zia da Mastru cin tuwon masara, a ranar ne gidan ya fara zama gida. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu dai mun ga dutse da aka dafa da wuta, aka jiƙa, aka shafa, ya kuma ɗauki watanni yana komawa dutse, ba abin da zai sa ya yi sauri.

A watan Agusta na 2023, lokacin da 'yan ci-rani ke dawowa ganin gida, wani mutum mai furfura ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Jikan masu gidan ne, an haife shi a Beljiyam, yana cikin waɗanda suka sa hannu. Ya nemi izinin shiga da ladabi, kamar baƙo, a gidan da aka haifi ubansa. Ya shafa zoben alfadari, ya hau matakalar da ƙafafun kakanninsa suka lotsa, sa'an nan ya dubi kusurwa ya tambayi tanderu. Muka faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, ya ce shi ba shi da bakin magana, gama su ne suka bar gidan shekara arba'in ruwa yana shiga. Ya gode mana da rufin. Mun rabu kowa yana ɗauke da nasa rabon laifi, ba wanda ya ɗora wa wani.

Bayan tafiyarsa muka zauna muka tuna wani gida na ƙasa a ƙauyenmu, wanda kakanmu ya gina da tubali da azara. Kowa ya san irin wannan gini sai da yaɓe kafin damina, sai da gyaran indararo, in ba haka ba ruwa ya sami hanya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara nawa ke nan ba mu tambayi halin da soron yake ciki ba? Muna nan muna lallashin bangon waɗansu, namu yana can yana narkewa, kuma wata rana wani zai tsaya a kansa ya ce masu shi sun tafi ba su dawo ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A daren nan muka kira ƙanenmu a waya, muka tambaye shi abin da yaɓe zai ci, muka kuma roƙe shi kada ya bari a shafa siminti a kan bangon ƙasa, ya nemi tsohon magini ya yi shawara da shi tukuna.

Saboda haka ga amsarmu ga tambayar da muka fara da ita. Wanda ya sayi tsohon gida ya mallake shi a gaban doka, yana da ikon gyara shi domin amfanin iyalinsa, kada kuma kowa ya hana shi. Amma ya shigo tsakiyar magana ce da aka fara kafin a haife shi, za a kuma ci gaba da ita bayan ransa, don haka ya wajaba ya saurara kafin ya sa baki. Mun gama aikin watanni kaɗan kafin wa'adi ya cika, aka mayar mana da ajiyarmu. Bangon arewa ya bushe, ɗakin Zia ma haka. A kusurwar da tanderu yake mun bar tabon hayaƙin a jikin dutse ba mu shafe shi ba, domin idan 'ya'yanmu suka tambaya mu faɗa musu abin da ke wurin da yadda muka yi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, a gida da kuma a baƙunci.